Sharhi: Wa Ke Nuna wa Manhajar Rubutu Inda Za Ta Ɗebo Saitinta?



Sharhinmu na yau zai tsaya ne a kan wani abu da ke faruwa cikin ƙiftawar ido, tsakanin sa'ar da mutum ya danna manhajar rubutu a kwamfutarsa da sa'ar da ta buɗe a gabansa. A wannan ɗan taƙin, manhajar takan garzaya wata folda ta karanto abin da mai ita ya bar mata: wane launi yake so, wane girman harafi, wane madanni zai yi wane aiki, waɗanne ƙarin kayan aiki za ta ɗauko. Sai ta gama karanta wannan sannan ta fito. To wa ke zaɓar wannan folda? Shekara da shekaru manhajar ce ke zaɓa, kai kuma naka bi. Yanzu an kai matsayin da kai ne za ka ce mata, tun daga bakin ƙofa, yau ga inda za ki ɗebo saitinki. A ido ƙaramin sauyi ne, amma ina ganin ya isa a zauna a yi magana a kansa, musamman saboda matasanmu da ke koyon rubuta manhaja.

Bari mu fara da fayyace irin manhajar da muke nufi, domin wani zai zaci Microsoft Word ake magana. Word ta ƙawata takarda ce: a faɗaɗa kanu, a saka hoto, a gurza a firinta. Waɗanda muke magana a kansu su ne masu sarrafa tsuran rubutu, haruffa zalla ba ado, irin wanda ake rubuta manhaja da shi, ake gina shafin intanet da shi, ake kula da manyan kwamfutocin banki da na kamfanonin waya da shi. Akwai kuma marubuta da masu fassara da ɗaliban jami'a da suka fi son su saboda ba su da nauyi, ko tsohuwar kwamfuta tana iya ɗaukarsu. Fitattu a cikinsu su ne Emacs da Vim da Neovim da kuma Visual Studio Code, wadda aka fi sani da VS Code.

Biyu daga cikinsu tsofaffin hannu ne. Asalin Emacs ya faro ne a 1976 a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, sannan Richard Stallman ya fitar da GNU Emacs a 1985, ita ce kuma ake amfani da ita har gobe. A wannan shekara ta 1976 ɗin ne Bill Joy ya soma aikin da ya haifar da vi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Daga vi ne Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan, ya gina Vim ya fitar da ita a 1991, ya kuma ci gaba da kula da ita har rasuwarsa a watan Agustan 2023. Neovim ta ɓalle daga Vim a 2014, kamfanin Microsoft kuma ya fito da VS Code a 2015. Duk da bambancin shekarunsu, sun haɗu a kan abu guda: saitinsu yana zaune ne a fayil na tsuran rubutu da mutum zai iya buɗewa ya karanta ya gyara da hannunsa.

Wanda bai taɓa shiga harkar ba zai yi mamakin yadda ma'abota waɗannan manhajoji ke ji da wannan fayil. Mutum yakan fara da layi uku ko huɗu. Yau ya ƙara abin da zai nuna masa lambar kowane layi, gobe ya ƙara wanda zai riƙa kama masa kuskure, jibi ya sauya madannin da ke ba shi wahala. Kafin wasu shekaru fayil ɗin ya zama ɗaruruwan layuka, yatsunsa kuma sun saba da shi har ba ya tunani kafin ya danna. Ranar da saitin ya lalace, ko kwamfutar lafiyarta ƙalau, aikin ranar ya tsaya.

A al'adar tsarin gudanar da kwamfuta na Unix, wadda tsarin Linux ya gada, kowane mai amfani da kwamfuta yana da foldarsa ta gida, a can kuma manhajoji ke ajiye saitinsu, cikin fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo. Ɗigon nan shi ke sa su ɓuya daga ido idan aka jero abin da ke cikin folda. Vim takan nemi fayil mai suna .vimrc da folda mai suna .vim. Emacs kuwa takan nemi fayil mai suna .emacs, in ba ta same shi ba ta shiga foldar .emacs.d ta nemi init.el. Da manhajoji suka yawaita, sai gidan kowa ya cika da ɓoyayyun fayiloli barkatai. Shi ya sa tun 2003 aka fito da wata ƙa'ida da ake kira XDG, wadda ta ce a tara saiti a foldar .config, bayanai a wata foldar daban, tarkacen wucin gadi ma a tasu. Neovim ta rungumi wannan tsari da wuri. Emacs sai a siga ta 27, wadda ta fito a watan Agustan 2020, ta soma leƙa .config, kuma ko a nan ɗin, muddin tsohuwar foldar .emacs.d tana nan, ita take fifitawa. Vim ma sai a 2024 ta bi sahu.

Wannan gyara ya share gida, amma bai taɓa ainihin matsalar ba. Har yanzu mutum ɗaya wuri ɗaya yake da shi. Ku ɗauki ɗalibin da ya shafe watanni yana gina saitinsa, sai ya ji ana yabon wani shiryayyen saiti da wasu suka haɗa suka bayar kyauta, irin su Doom Emacs ko Spacemacs ko LazyVim. Yana so ya gwada. Da ya buɗe bayanin yadda ake ɗorawa, abin da zai fara cin karo da shi shi ne ya kawar da tsohuwar foldarsa gefe, domin sabon saitin a mazauninta zai zauna. Da yawa a nan suke fasawa. Wasu kuma su yi ƙundumbala su ɗora sabo a kan tsoho, su wayi gari ba sabon ba tsohon. Haka ma'aikacin da ke son saitin ofis daban da na aikin kansa, haka malamin da ke son nuna wa ɗalibai manhajar yadda take fitowa daga masana'anta alhali tasa ta sha gyare-gyare, haka wanda manhajarsa ta soma yi masa gardama yana son ya gane laifin nata ne ko na saitinsa.

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ya san yadda ake warware irin wannan. Keken ɗinki ɗaya ne, amma kowane yaron shago yana da gwangwaninsa na allura da zare da almakashi. Wanda zai hau keke ya ɗauko nasa, in ya sauka ya tattara ya rufe, ba wanda ya hargitsa wa wani kaya. Abin da ake nema daga manhajar rubutu ke nan: ita ɗaya, akwatunan saiti da yawa, mai aiki ya zaɓi wanda zai buɗe.

Kafin a samu hanyar da ta dace, mutane sun yi ta dabaru, kuma yana da kyau mu san su domin har yanzu ana koya wa sababbin shiga su. Ta farko ita ce sauya suna: ka canza wa foldar suna, ka kawo wata ka ɗora a wurinta, in ka gama ka mayar. Tana aiki, sai dai ba za ka iya buɗe biyun a lokaci guda ba, kuma ranar da hannu ya kuskure ka goge wadda ba ita ba, sai haƙuri. Ta biyu ita ce yi wa manhajar wayo, a gaya mata cewa gidanka a wani wuri yake, ta hanyar sauya abin da ake kira HOME kafin a tayar da ita. Manhajar za ta yarda, amma duk wani shirin da ta kira daga cikinta shi ma zai yarda. Sai ka ga Git, wanda ke adana tarihin aikinka, ya ce bai san sunanka ba, domin ya je neman nasa saitin a gidan ƙarya.

Dabara ta uku ita ce a ce wa Emacs kada ta karanta komai da farko, da alamar -q, sannan a miƙa mata wani fayil da alamar -l. A Vim da Neovim kuma alamar -u ce ke nuna fayil ɗin da za a karanta. Matsalar a nan ita ce fayil guda aka sauya, gidan kuwa yana nan yadda yake. Kayan da za a sauke daga intanet da tarihin fayilolin da ka buɗe duk tsohuwar foldar za su ci gaba da zuba, sai saiti biyu su cakuɗe ta ƙarƙashin ƙasa kana zaton ka raba su. Da abin ya ishi mutane, wani mai rubuta manhaja, Arne Brasseur, ya haɗa wani ɗan shiri mai suna Chemacs. Shi yakan zauna a mazaunin saitin Emacs, ya duba jerin sunayen da ka rubuta masa, ya miƙa ta ga wanda ka zaɓa. Ya taimaki jama'a ƙwarai.

Shekarar 2023 ce ta zo da sauƙin, kuma abin sha'awa, manhajoji uku suka motsa kusan a tare. A farkon shekarar VS Code ta fito da tsarin da ke ba mutum damar ajiye saiti kala-kala a cikinta ya riƙa sauyawa. A watan Afrilu Neovim ta fitar da siga 0.9 mai ɗauke da abin da ake kira NVIM_APPNAME. A ƙarshen watan Yuli kuma Emacs ta fitar da siga 29.1 da sabon umarnin da ke nuna mata foldar saiti tun daga tashi.

Ga wanda ya kamo mu yanzu, muna magana ne a kan yadda za ka nuna wa manhajar rubutu foldar da za ta ɗebo saitinta a lokacin da take tashi. Mai biro da takarda a kusa ya ɗauko, domin ga yadda ake yi.

A Emacs, ka ƙirƙiri sabuwar folda a duk inda ka ga dama, ka sa mata sunan da kake so, misali gwaji. A cikinta ka ajiye fayil mai suna init.el, ko da layi ɗaya ne a ciki. Sai ka buɗe tagar ba da umarni ka rubuta emacs, ka bar fili, ka rubuta --init-directory, wato gajerun layuka biyu a kwance, sai init, sai wani gajeren layin, sai directory, sannan ka biyo da adireshin foldar. Shi ke nan. Emacs za ta tashi tana ɗaukar wannan folda a matsayin gidanta. Kayan da ka sauke za su shiga can, tarihin aikinka zai shiga can, tsohon saitinka kuma ba abin da zai taɓa shi. Kana ma iya buɗe tsohon da sabon gefe da gefe kana kwatantawa. Mai Windows da ba ya son rubuta umarni kullum sai ya kwafi alamar manhajar da ke fuskar kwamfuta, ya shiga bayananta, ya ƙara wannan umarnin a ƙarshen layin da ke nuna inda manhajar take. Ya samu alamomi biyu ke nan, kowace da nata saitin.

Neovim ta bi wata hanyar daban, saboda ita a wurare huɗu take baza kayanta a Linux: saiti a wuri ɗaya, kayan da aka sauke a wani, tarihin aiki a wani, tarkacen wucin gadi a wani, kuma kowace foldar sunanta nvim. Idan ka sa NVIM_APPNAME ya zama gwaji kafin ka tayar da ita, sai duka huɗun su koma neman folda mai suna gwaji a maimakon nvim. Kalma ɗaya ta raba komai. Amma a lura, suna kawai wannan ke sauyawa, foldodin suna nan a cikin gidanka. Wanda ke son kai su wani wuri can daban, kamar filashi, sai ya sauya adireshin XDG ɗin kansa, irin su XDG_CONFIG_HOME da XDG_DATA_HOME.

VS Code kuma umarni biyu take buƙata, domin ta raba saiti da ƙarin kayan aiki. Na farko shi ne --user-data-dir, mai nuna inda saiti zai zauna, na biyu --extensions-dir, mai nuna inda ƙarin kayan za su zauna. Wanda ya ba da na farko ya manta na biyu zai samu sabon saiti da tsofaffin kaya. Akwai kuma hanya mafi sauƙi ga mai Windows ko Linux: ka sauke manhajar a ƙunshe, wadda ba a ɗora ta sai dai a warware ta a folda, ka ƙirƙiri folda mai suna data a cikinta. Da ta ga wannan folda, duk abin da za ta ajiye a nan za ta ajiye shi.

To sai dai akwai ramuka guda huɗu a kan hanyar, kuma rigakafi ya fi magani. Na farko shi ne siga. Wannan umarni na Emacs bai wanzu ba kafin siga 29, na Neovim kuma kafin 0.9. Ubuntu 22.04, wani nau'in Linux da har yanzu ke kan kwamfutoci masu yawa, da Emacs 27 da Neovim 0.6 take zuwa. Debian 12, ita ma nau'in Linux, da Emacs 28 da Neovim 0.7. Sai a Ubuntu 24.04 ne za ka tarar da waɗanda suka isa. Tsohuwar Neovim ma ba za ta yi maka ƙorafi ba, za ta yi biris da sunan da ka ba ta ne ta buɗe tsohon saitinka, kai kuma ka yi ta gyare-gyare kana zaton a foldar gwaji kake. Saboda haka kafin komai, rubuta sunan manhajar ka biyo da --version ka ga wadda kake da ita.

Rami na biyu na masu Emacs ne. Idan foldar da ka nuna mata fanko ce, babu init.el a ciki, tana iya komawa ta ɗauko wanda ta saba ɗauka. Shi ya sa na ce a ajiye fayil ɗin tukuna. Kuma in akwai tsohon fayil mai suna .emacs kwance a gidanka, gara ka kwashe abin da ke cikinsa ka mayar cikin folda ka kawar da shi, domin shi ne sunan da ta fi daɗewa da sani, kuma yakan sa baki a inda ba a gayyace shi ba.

Rami na uku mu muke haƙa shi da hannunmu. Mutane da yawa sukan rubuta cikakken adireshin tsohuwar foldar a cikin saitinsu, su ce ɗauko kaza daga .emacs.d, ajiye kaza a .emacs.d. Duk inda ka kai irin wannan saiti, zai riƙa waiwayen tsohon gida. Emacs tana da suna na musamman da ke nufin duk foldar da take zaune a ciki yanzu, wato user-emacs-directory, Neovim kuma tana da stdpath. Da su ya kamata a yi aiki. Wannan ya fi shafar mai yawo da filashi, domin Windows takan ba filashi harafin E a wannan kwamfuta, ta ba shi F ko G a waccan. Saitin da aka ɗaure da harafi guda zai yi aiki a gida ya ƙi yi a makaranta.

Rami na huɗu na waɗanda suka ɗan yi nisa ne, masu barin Emacs tana gudana a ɓoye suna leƙa ta da emacsclient don ta riƙa buɗewa nan take. Wadda ke gudana a ɓoyen ta riga ta karanta saitinta tun da ta tashi, duk tagar da aka buɗe daga gare ta kuma shi za ta ɗauka. Mai son biyu sai ya tayar da biyu, ya ba kowace suna, ya riƙa kiran wadda yake so da sunanta.

Wani zai ce, Malam, wannan ai damuwar waɗanda suka ƙoshi ce, mu nan me ya shafe mu? Ni a ganina mu ya fi shafa. A ƙasashen da kowane ɗalibi ke da kwamfutarsa, raba saiti jin daɗi ne kawai. A wurinmu kuwa, matashi nawa ne ke koyon wannan sana'a a kwamfutar yayansa, ko a ɗakin kwamfuta na makaranta, ko a shagon da ake biyan kuɗin awa? Idan ya gyara saiti yadda yake so, mai kwamfutar ya dawo ya tarar an birkita masa kaya, rigima ta tashi. Idan kuma a makaranta ne, ya dawo washegari ya tarar an share komai. Da wannan hanya, saitinsa yana cikin filashinsa a aljihu. Ya zauna a kowace kwamfutar da ke da manhajar, ya nuna mata foldarsa, ya yi aikinsa, ya zare ya tafi, jerin fayilolin da ya buɗe ma ya tafi da shi.

Ga kuma batun data. Kowace sabuwar folda da ka buɗe fanko take farawa, shiryayyun saitukan nan kuma sukan sauke kaya masu yawa a tashin farko. Wanda bai lura ba zai ƙone datarsa yana sauke abu ɗaya sau uku. Amma wannan hali nasu na tara komai a wurin da aka sani shi ne kuma mafita. Malami ko shugaban wata ƙungiyar masu koyo zai iya saukewa sau ɗaya a inda intanet ke da ƙarfi, ya kwafa wa ɗalibansa a filashi, kowa ya nuna wa manhajarsa. Muddin kwamfutocin iri ɗaya ne kuma sigar manhajar ɗaya ce, akasarin kayan za su tashi ba tare da an sake taɓa intanet ba.

Akwai kuma abin da ya shafi harshenmu kai tsaye. Madannan kwamfutocin da ake kawo mana ba su da ɓ da ɗ da ƙ, ba su da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu a Najeriya muke sa 'y. Shi ya sa rubuce-rubuce da yawa ke fita ba lanƙwasa. A Emacs ana iya fito da kowane harafi da lambarsa ta Unicode, ƙ misali lambarta 0199, ɗ kuma 0257, amma ba wanda zai rubuta littafi yana kiran lamba a kowace kalma. Da 'yan layuka kaɗan a fayil ɗin saiti za ka ɗaure kowane harafi a madannin da ke kusa da yatsa. Sai dai madannan da ka ba wa waɗannan haruffa wataƙila suna da wani aikin a lokacin rubuta manhaja. Maimakon a yi ta cin karo, sai a yi folda ɗaya ta rubutun Hausa, mai manyan haruffa da shafi fes, ɗaya kuma ta aikin manhaja. Masu rubutun ajami ma suna da rabo, domin tun siga 24 ta 2012 Emacs take iya jera rubutu daga dama zuwa hagu.

Yanzu ga gargaɗin da nake so kowa ya riƙe ko da ya manta sauran. Fayil ɗin saiti na Emacs da Vim da Neovim shiri ne mai gudana, an rubuta shi da harshen manhaja, Emacs Lisp ko Vimscript ko Lua. Duk abin da kai za ka iya yi a kwamfutarka, shi ma zai iya: ya karanta fayilolinka, ya goge su, ya aika da su wani wuri ta intanet. Sanya shi a folda ta daban yana hana shi cakuɗewa da saitinka ne kawai, ba ya hana shi kaiwa ga sauran kayanka. Saboda haka idan wani ya turo maka folda a WhatsApp ko Telegram ya ce nuna wa manhajarka wannan ka ga abin mamaki, buɗe ta ka karanta tukuna, in ba ka gane ba ka nuna wa wanda ya fi ka sani. Haka in kai ne za ka ba wani taka, ko za ka ɗora ta a shafin GitHub, duba da kyau kada kalmar sirri ko tarihin aikinka su bi ta.

Akwai masu sukar wannan al'ada gaba ɗaya, kuma suna da hujja. Sukan ce sauƙin buɗe sabon saiti yana sa matashi ya zama ɗan yawon gwaji: yau wannan, gobe wancan, wata shida sun wuce yana gyaran launi bai rubuta manhaja ko ɗaya ba. Gaskiya ne, ana samun haka. Kuma wanda ya dogara kacokan ga saitin da wani ya haɗa, bai san abin da ke ciki ba, ranar da ya lalace ba zai iya gyarawa ba, kayan aro ba ya rufe katara. Amma maganin wannan ai shi ne a yi gwajin da manufa. Ka riƙe folda ɗaya tsayayya da kake aikin yau da kullum da ita, ba ka taɓa ta sai da dalili. Ka riƙe ta biyu ta gwaji, inda kake ɗora na wasu ka ga yadda suka yi. Abin da ya burge ka a can, ka bi shi har ka gane yadda yake aiki, sannan ka rubuta shi da hannunka a taka. Sauran ka goge ba tare da fargaba ba.

Abin da ya fi hana mutane koyon kwamfuta a wurinmu shi ne tsoron ɓatawa. Yaro ya taso ana ce masa kada ka taɓa, za ka lalata, kuma sau da yawa masu faɗar haka suna da gaskiya, domin kwamfutar ta mutane da yawa ce kuma kuɗin gyara ba wasa ba ne. Amma ba a ƙwarewa a wannan sana'a sai an ɓata an gyara. Duk hanyar da ta rage tsadar kuskure ta ƙara yawan masu koyo, kuma wannan umarni na layi ɗaya yana cikin irin waɗannan hanyoyi. Ina kira ga malaman da ke koyar da rubuta manhaja a makarantunmu da cibiyoyin horaswa su sa shi cikin darasin makon farko, tun kafin ɗalibi ya tara abin da zai ji tsoron rasawa. Kai kuma mai sauraro da ke da ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji, duba sigarta a yau, buɗe folda ta gwaji, ka shiga ka yi duk abin da ka daɗe kana shakkar yi.